Gam ɗin da ya riƙe mini fallen katako a jikin ganga

Ƙaramar gangata ta saitin Turawa, mai faɗin inci 14, robar jikinta ta ƙone da rana, sai na ɓare ta don in naɗa mata siririn fallen katako, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Da farko na ɗauko gam mai warin fetur, irin na masu gyaran takalmi. Na yi da-na-sani. Yana taɓa jiki ya kama, ba damar gyara karkata, kuma ba ya ƙanƙarewa, yana nan kamar danƙo. Da zafin bazara ya shigo, fallen ya yi ƙuraje, bakin haɗin ya buɗe har farce na shiga.

Karo na biyu na koma Titebond Original, gam ɗin kafintoci. Na goge jikin gangar da samfefa, na shafa shi siriri a gangar da bayan fallen, na bari duka suka bushe. Sannan na aza tsumman auduga, na bi da dutsen guga kaɗan-kaɗan ina juya gangar a cinyata. Zafin ne ke sake narkar da gam ɗin ya kama. Inda na ƙwanƙwasa da yatsa na ji holoƙo, sai in sake bi.

Wajen haɗin ne ya fi ba ni wuya, domin zafi na sa fallen ya ɗan tsuke. Shi na bari ƙarshe, na yanka da sabuwar reza. Damina biyu ke nan ina kaɗa ta, ko gefe ɗaya bai ɗago ba.