Hattara da masu sayar da "nod" a Abuja

'Yan uwa, wasu samari sun shigo gari, suna kama ɗakunan taro a otal-otal na Wuse da Garki, suna kuma kutsawa rukunonin WhatsApp. Hajarsu "nod" ce, wai kwamfutar da za ta riƙa tantance ciniki a sabon tsarin kirifto nasu. Ka zuba kuɗi, riba ta riƙa shigowa kullum, ka kawo mutum biyu a ƙara maka. Don Allah kada ku ba su ko sisi.

Harkar kwamfuta sana'ata ce, kuma iƙirarinsu ne ya tona musu asiri. Wai kwamfutoci miliyan guda na cimma matsaya cikin ƙiftawar ido, ba yawan musayar saƙo, ko da rabinsu maƙaryata ne.

Tun 1982 Leslie Lamport da abokan aikinsa suka yi nazarin yadda kwamfutoci za su amince da magana ɗaya alhali wasunsu na yaudara. A intanet, inda saƙo kan makara, irin wannan tsarin ƙuri'a ba ya tsayuwa sai maƙaryata sun gaza kashi ɗaya cikin uku: kwamfuta 100 na iya jure 33. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tsare-tsaren, wato PBFT na masana Castro da Liskov, na 1999, kowace kwamfuta sai ta aika wa kowace saƙo. Kwamfuta 100, saƙo 9,900 ke nan a zagaye ɗaya kacal. Ku kai lissafin zuwa miliyan ku gani. Wani tsari da ya zo daga baya, HotStuff, ya rage wannan nauyi ta hanyar tattara ƙuri'u a hannun jagora ɗaya, amma dokar kashi ɗaya cikin uku tana nan daram. Batun sauri kuwa, Bitcoin kanta ciniki kusan 7 take ɗauka a daƙiƙa.

Na ga manhajar samarin nan a wayar wani dattijo, ɗan fansho, maƙwabcinmu a Kubwa. Lambobi kore na ta hawa, maɓallin cire kuɗi kuwa kullum "ana gyara". Na ce, "Baba, ina littafin cinikin da kowa zai iya dubawa?" Babu, alhali irin wannan littafi shi ne ginshiƙin kirifto na gaskiya. Kwamfuta ɗaya ce a hannun samarin, suna rubuta abin da suka ga dama. Haka mutane suka yi ta kallon lambobi a CBEX, wata manhajar zuba jari a kirifto, har ta rufe da kuɗinsu a Afrilun 2025.

Ku nemi shaidar rajistarsu da hukumar SEC mai sa ido kan harkokin zuba jari, ku duba da kanku a shafinta. Wanda ya riga ya zuba kuɗi ya adana rasit da hotunan hira, ya kai ƙara EFCC, kuma kada ya biya wani "kuɗin buɗe asusu" da za su nema.