Rautar ASUS RT-AX58U: a cikin gida ta biya ni, daga nesa sai layinka ya yarda

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki a Kaduna, kuma abin da ya fi cin raina a aikin nan shi ne ajiya. Kamu, ɗaurin aure, dina, buɗar kai, kowanne da nasa tarin fayil, amarya kuma tana iya kiranka bayan shekara ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Dalilin da ya sa na sayi wannan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi, ke nan. Ƙarfin Wi-Fi 6 da ake tallarta da shi bai dame ni ba, ramin USB 3.0 da ke bayanta nake so.

Na jona mata faifan ajiya mai tera 2, na shiga shafin saitinta na kunna Samba, mai raba fayil ga na'urorin gida, da sabar bidiyo ta DLNA, mai aika bidiyo zuwa talabijin. Shi ke nan, faifan ya bayyana a kwamfutata kamar a jikinta yake, talabijin ɗin falo ta gan shi, uwargida ma tana buɗe shi a wayarta da manhajar kallon bidiyo ta VLC. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Yara suna kallon karatunsu a falo, ni ina ɗaki ina tace bidiyo, kuma ko megabait ɗaya na data ba ya tafiya, domin komai a cikin gida yake zagayawa. Ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya, kallo bai tsaya ba. Ga wanda ya san yadda kuɗin data ya tashi a 2025, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Abubuwa biyu ƙanana. Kada a bar faifan a tsarin jera fayil na FAT32, domin ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, bidiyon dina guda ɗaya kuwa ya fi haka. Tsarin NTFS ya wadatar. Sannan USB 3.0 yana iya damun Wi-Fi na 2.4GHz, abu ne sananne ba na wannan rauta kaɗai ba, shi ya sa na mayar da wayoyin gidan kan 5GHz na huta.

Wuta ce babbar barazana. In aka ɗauke ta ana tsakiyar rubuta fayil, faifan na iya lalacewa. Rautata tana kan inbata, kuma ba na zare faifan sai na danna cirewa a shafin saitin tukuna.

Yanzu ga inda nake so mai saye ya nutsu, wato shiga faifan daga nesa. A takarda komai akwai: AiCloud, tsarin ASUS na buɗe faifan ta intanet; adireshin DDNS na kyauta mai ƙarewa da asuscomm.com, wato sunan da ake nemo rautar da shi daga waje; da sabar VPN, wato kariyayyar hanyar shiga layin gida daga nesa, har da irinta mai suna WireGuard a sababbin manhajojinta. Amma duk waɗannan suna bukatar layin intanet ɗinka ya zama yana da adireshin IP na fili, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, wanda za a iya ƙwanƙwasa shi daga waje. Yawancin layukan 4G da 5G da muke amfani da su ba haka suke ba. Kamfani yakan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya: kai kana iya fita ka dawo, amma baƙo in ya zo ba shi da hanyar sanin ɗakinka. Layin da nake da shi a farko irin wannan ne. Ina Zariya wurin aiki, uwar amarya tana son hotunan babbar 'yarta na bara, faifan yana gida a kunne, amma ba hanyar isa gare shi. Rautar ba ta da laifi a nan, kuma mai shago ba zai faɗa maka wannan ba, galibi shi ma bai sani ba.

Gwajin ba wuya. Ka duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin layi ya ba rautar, a shafin rautarka. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to da alama kana bayan CGNAT. Sai da na koma layin faiba na biya ƙarin kuɗin IP na fili kafin abin ya yi aiki. Ko a nan ma, saurin ɗorawa na layin gidanka ne ke hukunci, ba saurin saukewa da ake rubutawa a talla ba. Hotuna da takardun yarjejeniya suna zuwa nan take. Bidiyo mai giga 10 kuwa sai ka yi haƙuri, ko ka bari sai ka koma gida.

Ni AiCloud a kashe na bar shi, VPN kaɗai nake bi. A 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sasanta da ASUS kan raunin tsaro a AiCloud da AiDisk, wani tsarinsa na raba faifai ta intanet, bayan an samu faifan mutane da yawa a buɗe a intanet a 2014, kuma a 2025 ma kamfanin ya sake fitar da gargaɗi kan AiCloud yana cewa a sabunta manhaja. Abin da ke cikin faifana hotunan matan mutane ne a wurin kamu da lalle, inda ba kowane namiji ake bari ya shiga ba. Amana aka ba ni. Saboda haka na sauya kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, na rufe FTP, wata hanyar aika fayil ta intanet, kuma ina duba sabuntawa a kai a kai.

Kada kuma a ɗauki faifai ɗaya a matsayin ajiya ta dindindin. Ina da na biyu a durowa da nake kwafe aiki a kai duk ƙarshen biki.

Ga ɗan'uwa mai ɗaukar hoto, ko magidancin da yake son tara karatuttuka da bidiyon iyali wuri ɗaya, na ce ya saya. Wanda kuma burinsa shiga fayil daga kasuwa ko daga wani gari, ya fara duba adireshin WAN ɗinsa, ya tambayi kamfanin layinsa nawa IP na fili yake, kafin ya miƙa wa mai shago kuɗi.