Shafin AoPS ga ƙungiyar lissafi mai shirin gasar ARML

Da wuya malamin da ke horar da ƙungiyar lissafi ta sakandare a Amurka ya kai yaransa gasar ARML (American Regions Mathematics League, gasar lissafi tsakanin ƙungiyoyi) bai bi ta shafin AoPS (Art of Problem Solving, shafin koyon lissafin gasa) ba, wanda Richard Rusczyk ya kafa a 2003. Manhajar atisayensa, Alcumus, kyauta ce, kuma tana ƙara wuyar tambaya gwargwadon yadda ɗalibi ke amsawa daidai. Ga kuma tsoffin tambayoyin AMC da AIME, wato jarrabawowin gasar lissafi na ɗaliban Amurka, da warwararsu, sau da yawa ta hanya biyu ko uku.

Amfaninsa ya fi fitowa a jarrabawar AMC 12: tambaya 25 cikin minti 75, babu kalkuleta. Amsa daidai maki 6 ce, wadda aka bari 1.5, kuskure kuwa sifili. Yaron da ya goge da tsoffin takardun ya san inda zai daina canke ya bar gurbi.

Inda shafin ya gaza shi ne aikin haɗin gwiwa. A ARML ƙungiya mutum 15 ce. A zagayen miƙa amsa ɗalibai uku ke zama a jere, amsar kowa na shiga tambayar na bayansa; idan na farko ya kuskure, na uku zai ɗora lissafinsa kan lambar da ba daidai ba. Alcumus ba ta koyar da wannan, balle zagayen da ƙungiya ke rubuta hujjar lissafi tare cikin sa'a guda. Dole malami ya zaunar da su da takarda da agogo. Darussan kai tsaye na shafin kuwa na kuɗi ne, kuma ba su da araha.