Gargaɗi: Kafin ku tura kuɗin "teburin Faransa", ku ji yadda aka yi da ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don babu mai son ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa wayo. Amma jiya da daddare wata maƙwabciyata ta turo mini hoton tebur tana tambaya ko ya yi kyau, za ta biya kuɗi da safe. Ina buɗewa gabana ya faɗi. Hoton da ya raba ni da naira dubu 548 ne, sai dai sunan shafin ya canza. Na ce to shirun ya isa haka.

A gida nake aikina a nan Kano, fassara da koyarwa ta intanet. Shekara uku ina fama a kan teburin cin abinci, ana zuwa cin tuwo in kwashe kwamfuta, a gama in dawo da ita. Da muka gyara ƙaramin ɗakin baƙi na ce zan yi wa kaina gata. Kuma ba zan ɓoye ba, son a sani ya taka rawa: ina so idan na kunna kyamara ɗalibai su ga wuri mai fasali. Raina ya kwanta da irin teburin rubutun nan da ake cewa salon Faransa, mai lanƙwasassun ƙafafu kamar na barewa, samansa shimfiɗe da fata, durowa uku a jere, kusurwowinsa da adon tagulla.

A Instagram na ga shafin. Mabiya sun yi yawa, hotuna tsaf-tsaf, an rubuta kaya daga Faransa da Turkiyya kai tsaye. Na yi magana, aka ce in koma WhatsApp. Muryar mace ce mai daɗin baki, kowace jimla da "Hajjaju" da "ranki ya daɗe". Ta ce teburin dubu 480, guda biyu suka rage a kontenar da ke kan ruwa, kuma wata amarya a Abuja ta riga ta kama ɗaya. Kafin alƙalami kashi 70 cikin ɗari. Na tura dubu 336 a daren. Maigidana ya ce, "Wannan fa cinikin biri a sama ne." Na ce ai mutanen suna da mabiya. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma yanzu ba ni da bakin magana.

Abu na farko da ya kamata ya tsayar da ni shi ne sunan asusun. Shafin sunan kamfani yake ɗauke da shi, asusun kuwa sunan wani namiji. Ta ce manajansu ne. Bayan mako biyar aka ce kaya sun iso Legas amma kwastam sun riƙe, kowa zai ƙara dubu 68, in ba haka ba kuɗin ajiya zai yi ta hawa. Wannan karon asusun wani ne daban, wai na mai fitar musu da kaya. A nan zuciyata ta fara raya mini abu, amma wanda ya riga ya zuba dubu 336 ba ya son jin gaskiya. Na tura. Mako uku bayan haka aka turo bidiyon wani kwali naɗe da leda, aka ce sai na cika dubu 144 kafin a ɗora a mota. Asusu na uku. Na cika.

Kuma kaya sun zo. Ku lura da wannan, don nan ne gwanintarsu take. Ba irin masu karɓar kuɗi su ɓace ba ne. Suna kawo maka wani abu, ko mene ne, don gobe idan ka kai ƙara su ce ai ciniki aka yi, kaya kuma an karɓa, mai saye ne kawai bai gamsu ba. Wani ɗan'uwana lauya ya ce da gangan ake yin haka, a mayar da damfara ta koma kamar saɓanin ciniki.

Direba ya sauke a ƙofar gida, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba kafin mu yage ledar. Abin da na fara ji wari ne, warin fenti da gam mai hawa kai. Sannan na ɗaga gefe ɗaya da hannu guda, ya taso kamar kujerar roba. "Fatar" da ke sama leda ce aka manna, har ta fara kumbura a kusurwa. Na ja durowa ta tsakiya ta fito gaba ɗaya a hannuna. Bayan teburin kuwa ko fenti ba a shafa ba, fallen katako ne tsirara da rubutun alli a jiki.

Washegari na kira dattijon kafintan da ya yi wa mahaifiyata kabad tun ina yarinya, har yau ƙofar kabad ɗin ba ta goce ba. Ya zo ya zagaya teburin sau ɗaya bai ce uffan ba. Sai ya sa aka kifa shi. Ya sa farce a ƙasan saman teburin ya kankara, gari ya zubo kamar dusa.

"'Yata, wannan ba katako ba ne," in ji shi. "Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne, shi ake kira MDF. Ruwa ya taɓa shi sau biyu ya kumbura kamar burodi."

Na ce, "Baba, adon fa? An ce tagulla ce."

Ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya kara a hannun durowa, ya manne ƙam. Ya ce tagulla ba ta kama mayen ƙarfe, wannan baƙin ƙarfe ne aka fesa wa ruwan gwal. Ya koma kan furannin da ke gwiwar ƙafafun, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya sa bakin wuƙa ya ɗan ɗaga, fure guda ya ɓalle. Roba ce aka zuba a mazubi, aka liƙa. Ya jera mini ƙafafun huɗu ya ce in duba: duk furen iri ɗaya sak, har ɗan tabon da ke jikin ganye ɗaya yana kan sauran ukun. Sassaƙar hannu ba ta fitowa haka, ko gwanin gwanaye ne sai ka ga wani ganye ya ɗan fi wani. Sannan ya nuna mini kusurwar durowa. A aikin ƙwarai, gefe da gaba haƙora ake yanka musu su shiga juna su kulle. Nawa ƙananan ƙusoshin bindiga ne da gam. Ya ce, "Wannan ko Legas bai gani ba, balle teku. Aikin yaran shago ne, kuma masu gaggawa."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne daga baya da na sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo asalin hoto, minti ɗaya bai cika ba ya fito a shafin wani gidan gwanjon kayan tarihi na Turai. Minti ɗaya. Da na yi haka tun daren farko da kuɗina suna nan.

Haushi ya sa na zauna na karanta tarihin abin da na ce ina so, tunda na saya ban san shi ba. Teburin mai lanƙwasassun ƙafafu salon zamanin Sarki Louis na 15 ne, wanda ya mulki Faransa daga 1715 zuwa 1774. A zamanin magajinsa, Louis na 16, sai ƙafafun suka miƙe, suna sirancewa zuwa ƙasa, da zane-zanen layi a tsaye. Mai shafin nan kuwa duk abin da aka fesa wa ruwan gwal "Louis" take kiransa. Mafi shahara a teburan rubutu na zamanin Louis na 15 shi ne na sarki da ke fadar Versailles: Jean-François Oeben ya fara shi a 1760, ya rasu bai gama ba, Jean-Henri Riesener ya kammala a 1769. Shekara tara a kan tebur ɗaya. Tun tsakiyar ƙarni na 18 kuma dokar ƙungiyar masu sana'ar a Paris ta wajabta wa kowane gwani ya buga hatimin sunansa a jikin katakon. Irin waɗannan na asali a gidajen tarihi da manyan gidajen gwanjo suke. Duk wanda ya ce zai kawo miki ɗaya Kano a kan dubu ɗari huɗu da wani abu, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko ya sani sarai. Wani abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya: a 2016 an bankaɗo cewa fadar Versailles kanta ta sayi kujerun jabu da miliyoyin yuro, tana zaton na ƙarni na 18 ne. Idan masu digiri a kan kujera sun faɗa, ni wace ce? Sai dai su aƙalla sun ga kujerun da idonsu kafin su biya.

Don haka ku gane, "salon Faransa" siffa ce, ba wurin haihuwa ba. Da yawa daga kayan wannan salo da ke shigowa ƙasashenmu daga Dumyat ta Masar suke, ko Inegol ta Turkiyya, ko Foshan ta ƙasar Sin, garuruwan da suka yi suna a kan kayan ɗaki. Kuma babu aibu a cikin haka. Masassaƙan Dumyat sun daɗe suna wannan aiki, har salon nasu ya samu laƙabi, ana haɗa sunan Louis da na Sarki Faruk na Masar. Ɗan kasuwa mai gaskiya zai ce miki na Masar ne, ga irin katakon, ga farashi. Wanda ya dage a kan "daga Paris kai tsaye" amma ya kasa nuna takardar jirgi ko lambar kontena, ki riƙe jakarki da kyau. MDF ma ba haramun ba ne, ana yin kaya masu kyau da shi a sayar da sunansa da kuɗinsa. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan katako.

Ina magana da iyayen amare musamman, don na lura yanzu nan suka karkata. Lokacin haɗa kayan ɗaki kowa a matse yake, ranar jere ta kusa, dangin miji za su zo gani, ga uwa ba ta son 'yarta ta ji kunya. Irin wannan matsin suke nema. Za su ce saura ɗaya, za su ce farashi zai tashi gobe saboda dala. Ki ce a kira ki ta bidiyo yanzu-yanzu, a tsaya kusa da kayan, a kifa teburin ki ga ƙasansa, a zare durowa a nuna miki kusurwa. Mai kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Ni sau uku na nema, sau uku ana ce mini yaron sito ya tafi da makulli. Ki duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki ga ko sunan asusun ya yi daidai da shi. Ki leƙa wurin sharhi: idan a kulle yake, ko kuwa duk yabo ne iri ɗaya daga shafukan da ba su da hoto ko ɗaya, to kin ga amsa. In da hali ki tura ɗan'uwa ya taka har shagon. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ko teburin gaskiya ne sai an kula, kuma ban sani ba sai da na zauna a gaban wannan bala'in. Tsayin teburin rubutu wajen santimita 75 ne, amma wannan salon yana da faffaɗan gaba saboda durowoyin, sai ya cinye wurin gwiwa. Nawa cinyata gogar katakon take, kujerar ofis mai hannuwa kuwa ba ta shiga ƙarƙashi sam. Ku auna daga ƙasa zuwa gindin durowar tsakiya, ku auna kujerarku, kafin maganar kuɗi. An kuma ƙirƙiro shi ne don alƙalami da tawada, babu ramin waya, ƙasansa a buɗe, duk wayar caja da ta fanka a fili za ta yi ta reto. Na asalin a tsakiyar ɗaki ake ajiye shi, shi ya sa ake ƙawata bayansa kamar gabansa, har da durowoyin ado da ba sa buɗuwa. Wanda bayansa yake tsirara, an yi shi ne don a manna da bango a ɓoye aibu. Sai hunturunmu: katakon da bai bushe sosai ba, iskar Disamba na kaɗawa zai tsage.

Da na tura wa mai shafin hotunan abin da aka kawo, ta ce hasken kyamara ne ya bambanta. Na tura bidiyon furen roba a tafin hannuna. Ta ce za ta yi magana da manaja. Da yamma hotonta ya ɓace daga WhatsApp, layin kuma a kashe har yau. Na kai rahoto bankina da duk rasit ɗin uku, na kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Idan kun riga kun faɗa, kada ku goge komai don haushi. Ku ɗauki hoton hirar tun daga sallama, da saƙonnin murya, da lambobin asusun, da tallar kanta kafin su sauke ta, sannan ku je banki a ranar, don kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su.

Ban ambaci sunan shafin ba saboda maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ba shi da amfani, sun canza shi sau biyu a iya sanina. Ga dai alamar da za ku gane su: hoton tebur mai koriyar fata a sama, a ɗaki mai farin bango, da agogon zinari a kansa, an yanke gefen dama na hoton inda tambarin masu shi na gaskiya yake. Maƙwabciyata ba ta tura kuɗin ba. Ni kuma Baba kafinta ya auna ɗakin da kujerata, ya ce zai yi mini da madaci busasshe, ƙafafun zai kai wa wani masassaƙi abokinsa, wata biyu, kuma in riƙa zuwa shago ina ganin aikin. Wancan teburin yana baranda, yara na ɗora takalman makaranta a kai, kuma tun ruwan farko gefe ɗaya ya kumbura.