Na biya an duba min CV da makin GMAT don neman MBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci) a waje, ga yadda ta kaya

Masu ba da shawara kan shiga makarantun kasuwanci na waje sun yi yawa yanzu, kowa ya buɗe shafi a Instagram ya ce turo CV da makinka na GMAT, wato jarrabawar shiga makarantun, mu faɗa maka ko za ka samu gurbi. Wanda na gwada wani ƙaramin kamfani ne a Abuja, ba zan kama suna ba, tsarinsu zama ɗaya ta Zoom sai kuma su turo maka rahoto a rubuce daga baya.

Zaman kam ya ci kuɗinsa, gaskiya. Matar da aka haɗa ni da ita ta san jarrabawar ciki da bai. Makina 635 ne, kuma har yau akwai masu jin wannan lambar su ce ai ba ka kai 700 ba ka haƙura kawai, alhali ma'aunin ya canza tun watan Nuwamba 2023 da aka shigo da sabuwar GMAT, tsohuwar kuma aka rufe ta ƙarshen Janairu 2024. Yanzu maki daga 205 ne zuwa 805, kuma a jadawalin da GMAC masu jarrabawar suka fitar 645 na yanzu shi ne kusan 700 na da. Ba ta ma tsaya kan jimlar ba, sai ta ce in buɗo sakamakon kowane ɓangare, lissafi mai tambaya 21, Turanci 23, Data Insights (nazarin bayanai) 20, kowanne minti 45, ta nuna min cewa na ƙarshen nan ne ya ja ni ƙasa, wanda shi kaɗai ake barin mutum ya taɓa kalkuleta amma teburi da jadawali su cinye maka lokaci kana kallo. Ta ce in zan sake zama can zan zuba ƙarfina.

Inda ta fi burge ni wajen CV ne. Na rubuta ina kula da rarraba kaya a kasuwancin gidanmu a kasuwar Singa, sai ta ce "Malam, kula ɗin nan me ake nufi? Mota nawa ke fita a sati, yara nawa ne a ƙarƙashinka, me ka tarar me ka gyara?" Ta sa na ba ta labarin yadda na maida lissafin bashin kwastomomi daga littafi zuwa kwamfuta har Alhaji ya daina kwana yana buga waya, ta ce to wannan za ka rubuta. Na kawo maganar wani babban mutum da zai iya ba ni takardar shaida ta ce a'a, wanda ya ga aikinka da idonsa suke so, ko da ba shi da muƙami.

Rahoton ne matsalar. Shafuka masu kala-kala, an jera yiwuwar samun gurbina a kowace makaranta, Harvard kashi kaza, INSEAD kashi kaza, London Business School kashi kaza, na tambaya ta WhatsApp daga ina lambobin nan suka fito aka ce wai "tsarinmu ne ya lissafa". Wane tsari? Kwamitin makaranta yana karanta rubutunka, ya yi maka intabiyu, ya auna ka da sauran masu nema na wannan zagayen, ba wanda zai zauna a Abuja ya ce maka ga kasonka daidai. A wani sakin layi ma an manta an bar sunan Indiya a wurin ƙasata, ka ga na wani aka goge aka sa sunana kenan. CGPA ɗina na ma'aunin 5 an maida shi na 4 irin na Amurka ba bayanin yadda aka yi. Sun sa min INSEAD amma ko a ambaci cewa suna neman yare na biyu bayan Turanci, balle a ce je ka tambaye su yadda za su lissafa maka Hausa. Maganar tallafin karatu kuwa layi biyu, ga mutumin da ke samun kuɗinsa da naira zai biya da dala ko yuro, haba.

Daga nan sai kira, a zo a sayi babban fakej na gyaran rubutu, farashi da dala, wai zagayen farko na karɓar takardun masu nema, na Satumba, ya kusa. Na ce sai na yi shawara.

In za ka je wurin irinsu, fara yin gwaji biyun nan na kyauta da ke mba.com don ka je da maki a hannu, ka tambaya ko za su sayar maka da zaman kaɗai ba rahoto, kuma ka nemi sanin wa zai zauna da kai kafin ka tura kuɗi, don an ce min ba kullum ita ake ba mutum ba.