Fai na kayan lambu: ɗanyen tumatir ko gasasshe?

Babbar matsalar fai na kayan lambu, wato kwaɓin fulawa da ake cika shi da kayan lambu a gasa a tanda, ita ce ruwa. Kusan kashi 95 cikin 100 na nunannen tumatir ruwa ne, in ya tsiyaye a cikin tanda sai ƙasan kwaɓin fulawar ya jiƙe ya yi laɓu-laɓu.

Hanya ta farko ta rage ruwan, a yanka tumatir fale-fale, a barbaɗa gishiri, a shimfiɗa kan tsumma mai tsabta na minti 30. Gishirin zai janyo ruwan waje, a ga ya tsattsafo ɗigo-ɗigo, sai a goge. Ta fi sauƙi, kuma tumatirin na riƙe jansa da ɗan tsaminsa.

Ta biyu, a fara gasa yankakken tumatirin shi kaɗai a wuta mai digiri 200 na Selsiyos, har gefensa ya yamutse ya soma duhu. Tana cin lokaci, tumatirin kuma yana ƙanƙancewa, dole a ƙara yawansa. Amma zaƙinsa na fitowa sosai, ya shiga jikin albasa da cuku, in an yanka fai ɗin yankan ya tsaya daram a faranti. Ni ita nake zaɓa, musamman in za a haɗa da tattasai, don shi ma yana sakin ruwa.