Elmina da Cape Coast ko Ada da Keta: ina za a kai yara a bakin tekun Gana?

Hajiya, na ga tambayarki tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce za ku zo Akra biki a watan Disamba, ke da maigida da yara uku, ƙaramar tana da shekara 6, babban 14, kuma bayan an kai amarya kwana biyu za su rage muku. Wasu sun ce ku nufi yamma, Cape Coast da Elmina, wasu sun ce gabas, Ada da Keta. Yara ruwa suke so, maigida kuma tarihi. Na daɗe zaune a Akra (tsofaffinmu Ankara suke ce mata), kuma na bi hanyoyin nan biyu ba sau ɗaya ba.

Da farko ki cire bakin tekun Labadi daga lissafi. Tana cikin gari, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawaki da kiɗa da masu gasa kifi, amma a ƙarshen shekara cinkoso da hayaniya da shaye-shayen wurin ba irin wanda za ki so ki zauna da yara a cikinsa ba ne. In kuna son leƙawa, ku je da safe ranar aiki, awa guda ta isa.

Ta fannin hanya gabas ta fi sauƙi. Ada Foah ba ta wuce kilomita 110 daga Akra ba: a bi ta Tema, a kama titin Aflao, a karya kwana a Kasseh, awa biyu an isa. Keta ta fi nisa, sai an haye gadar Sogakope, ki ƙiyasta awa uku zuwa uku da rabi. Cape Coast kuwa wajen kilomita 150 ce. A baki awa uku ne, amma akwai Kasoa a tsakani. Sunan garin daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, kuma ya amsa sunansa, don in kika faɗa cunkoson wurin da hantsi sai kin gaji da zama. Ku yi sallar asuba ku ɗau hanya. Daga Cape Coast zuwa Elmina tafiyar minti ashirin ce, don haka masauki ɗaya ya ishe ku garuruwan biyu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna saboda yaran. Tekun Gana ba shi da wasa. A yamma, ko a Anomabo ko a Brenu da ke gaba da Elmina kaɗan, rairayi ne mai kyau da inuwar kwakwa, iska mai daɗi, amma igiyar ruwan tana dukan gaɓa da ƙarfi, kuma idan za ta koma tana jan ƙafa. Ni da girmana ta taɓa kayar da ni a ruwan da bai kai gwiwa ba, na tashi ba takalmi ɗaya, baki cike da yashi. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a Tiga kada ya ɗauka ya iya wannan. A wurare da yawa ma babu mai gadin da zai tsamo mutum. Yara su jiƙa ƙafa kina riƙe da hannunsu, su tsinci ƙwanso, su gina gidan yashi, iyakarta ke nan. Rairayin da ke gindin ganuwar Cape Coast da ta Elmina (tsofaffin gidajen tsaro na Turawa) kuwa wurin aikin masunta ne, kwalekwale da koma da ƙarnin kifi, akwai kuma shara. Ya yi kyau a hoto daga saman katanga, bai yi a shimfiɗa tabarma ba.

Ada daban take, domin a nan kogin Bolta yake shiga teku. Akwai wani siririn harshen rairayi da in kika tsaya a kansa teku na ruri a hannu ɗaya, kogi na kwance luf a ɗayan. A ɓangaren kogin ne ake hawa kwalekwale mai inji a zaga tsibirai, a ga masu tsinto kawa daga ƙasan ruwa. Abin da yara ke mafarki ke nan. Sai dai kwanciyar ruwa ba ita ce lafiyarsa ba: ana ɗaukar tsargiya a ruwan Bolta, musamman gefen da ciyayi suka yi yawa, kuma daidai bakin da kogi da teku suke haɗuwa ruwan yana da ja. Kada kowa ya hau kwalekwale ba rigar da ke hana nutsewa, ko me mai jirgin zai ce. Disamba kuma ta faɗo cikin lokacin da kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a rairayin Ada, ma'aikatan gandun daji kan raka baƙi kallo. Gani sai an dace.

A nan dai gabas ta ci. A tarihi kuwa ba a ma haɗa su.

Ganuwar Elmina Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, ƙarƙashin Diogo de Azambuja, bayan ya zauna da sarkin wurin, Kwamena Ansa, wanda ba da son ransa ya yarda ba. Zinariya suka zo nema, shi ya sa suka kira wurin Mina, wato mahaƙa. Mutanen gari kuwa Edina suke cewa har gobe. A 1637 Turawan Holan suka ja igwa zuwa kan tudun da ke fuskantar ganuwar, suka yi ta luguden wuta har 'yan Fotugal suka sallama. Don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu, sai suka gina wata ƙaramar ganuwa a kan tudun, St. Jago, wadda har yanzu ake hawa a hango garin duka da tafkin Benya cike da kwalekwale masu fenti da tutoci. Ɗakunan da aka gina don ajiyar kaya su ne daga baya suka koma kurkukun bayi. Mai rakiya zai shigar da ku tsakar gidan mata, ya nuna muku barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda za a kai masa sama, sannan ya bi da ku ta ƙofar nan mai ƙunci da ake fita zuwa jirgi, wadda sai mutum ya sunkuya ya karkace. Ingila ta karɓi wurin a 1872. A nan ne kuma aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can tsibiran Seshel, bai dawo Kumasi ba sai 1924.

Ta Cape Coast 'yan Suwidin suka fara kafa ta da katako a 1653, ta yi ta sauya hannu har ta tsaya wurin Ingila a 1664, kuma daga nan aka riƙa mulkin yankin sai 1877 da aka mai da hedikwata Akra. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wurin shi ne cocin da aka gina daidai saman kurkukun maza. Ƙasan kurkukun duhu ne, iska ta 'yan ramuka take shigowa, in an kashe fitila na minti ɗaya sai ki ji kowa ya yi tsit. Obama ya zo da iyalinsa a 2009, kuma tun 1979 UNESCO ta sa ganuwoyin gaɓar Gana cikin kayan tarihin duniya. In ganuwa ɗaya kawai za ku iya shiga, Elmina zan zaɓa. Ta fi tsufa, garin da ke kewaye da ita kuma ya fi rai. Ta Cape Coast ta fi ta ɗakin adana kayan tarihi.

A gabas ma an yi irin waɗannan gidaje, amma na Turawan Danmak, kuma teku ya riga mu zuwa. Kongenstein ta Ada, wadda aka gina a 1783, kusan babu abin da ya rage. Prinzenstein ta Keta, ta 1784, wadda ta koma hannun Ingila a 1850 tare da sauran wuraren Danmak, ruwa ya cinye babban ɓangarenta wajen 1980. Saura 'yan ɗakuna da katanga da ake zagawa cikin rabin awa. Garin Keta kansa siriri ne tsakanin teku da tafkin da ya fi kowane girma a gaɓar ƙasar, kuma tsofaffi za su nuna miki can cikin ruwa su ce a nan titi yake da, a nan kantuna. Cikin dalilan da ake bayarwa akwai madatsar Akosombo, wadda tun da aka gama ta a 1965 ta tare yashin da Bolta ke kawowa gaɓa. Manyan duwatsun da za ki gani jere sun shiga teku aikin tare zaizaya ne da aka yi a farkon shekarun 2000. Akwai hasumiyar fitilar jirage a Woe, akwai gonakin ƙananan albasa na mutanen Anlo a kan rairayi, shar da su. Wuri ne mai shiru, ni ina son sa, amma yaro ɗan shekara 14 zai ce miki ina abin kallon.

Ki gaya wa maigida akwai sawunmu a gefen biyu. Sojojin da Baturen Ingila Kyaftin Glover ya tara a Legas, waɗanda ake kira Hausawa ko da ba dukansu Hausawa ba ne, kuma da yawansu bayi ne da suka gudo, an kawo su gaɓar nan lokacin yaƙin Asante. Suna cikin rundunar Ingila a Elmina a 1873, shekarar da aka yi wa tsohon garin ruwan igwa aka ƙone shi. Filin da ke gaban ganuwar, wanda za ku ratsa da ƙafa, nan garin yake. Shi kuwa Glover a Ada ya kafa sansaninsa kafin ya nausa cikin ƙasa. Daga wannan tushe ne Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki a Gana. Gishirin tafkin Songor na Ada kuma ta Bolta yake hawa arewa zuwa Kete Krachi da Salaga, inda fatakenmu na Gwanja suke zuwa sayen goro. Ba goro da gishiri kaɗai ake ciniki a Salaga ba, har da mutane, kuma bai kamata mu shiga kurkukun Elmina kamar labarin wasu ne can ba. A hanyar Kumasi, arewa da Cape Coast, akwai Assin Manso, inda ake nuna rafin da bayin da aka gangaro da su daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa.

Abinci da salla ba za su ba ki wahala a yamma ba. Cape Coast babban gari ne, akwai zango da masallatai, za ki samu wakye (shinkafa da wakenmu ce ta sauya suna), kokon safe da ƙosai, ga dokunu (tuwon masara mai tsami) na Fante, mutanen yankin, da soyayyen kifi da barkono. A Ada masaukan suna warwatse a bakin kogi, wasu sai da jirgi ake zuwa, abin da ɗakin girkinsu ya dafa shi za a ci. Ku tsaya a kan kifi, in nama ne ku tambayi wanda ya yanka. Sauro kuma ya fi yawa a can, ki zo da magani. Ko ina kuka zaɓa, ku kama ɗaki tun yanzu, domin tun shekarar 2019 da Gana ta gayyaci jikokin bayi na Amurka da sauran ƙasashe su dawo ziyara, Disamba ta zama watan baƙi, farashi yana tashi.

Da ni ce ke, yamma zan yi. Kogi da kwalekwale akwai su a Lokoja da Yawuri, amma babu Elmina ta biyu. Ranar farko ku isa da hantsi, ku shiga ganuwa kafin rana ta take, ku hau St. Jago, la'asar ku yi ta a rairayin Brenu. Ƙaramar kada a shiga da ita kurkuku, wani ya tsaya da ita a saman katanga tana ƙirga kwalekwale. Babban kuwa ya shiga, ya kai shekarun da zai ji. Idan ranar ta kama Talata, masunta ba sa fita teku, za ku tarar da jirage a ɗaure, maza na ɗinkin koma. Kashegari da sassafe ku tafi dajin Kakum, kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya bakwai a saman itatuwa, wajen mita 40 daga ƙasa. Yaran da suka hau wannan ba za su sake yi miki ƙorafin iyo ba. In kuma suka nace sai sun hau ruwa, Ada ana zuwa a dawo Akra a yini ɗaya, sai ki saci rana guda cikin kwanakin biki, tsakanin kamu da walima.